Ƙirjin Umma da Rabin Aski

A gidanmu dariya ce ta kusa kashe Umma. Duk wanda na gaya wa haka sai ya fara murmushi, sai ya dubi fuskata ya ga ba wasa nake ba, ya haɗiye abinsa.

Babanmu mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera biyu da benci da madubi mai tsaga a gefe, amma in ka wuce ta ƙofar sai ka rantse taro ake yi a ciki. Rediyo ake ce masa, don bakinsa ba ya hutawa. Baiwarsa kwaikwayo. Mutum ya zauna masa sau ɗaya, to ya gama kwashe tafiyarsa da tarinsa da yadda yake sosa ƙeya. Akwai masu zuwa da kai tal, ba gashin da injin aski zai kama, su ce a ɗan gyara musu gefe, don dai su samu wurin zama su sha labari. Da yamma kuma ya kwaso duk abin da ya tara ya zo ya juye wa Umma. Mu 'ya'ya 'yan kallo ne kawai, ita yake yi wa. Ita ɗin kuma ta iya dariya. Tata daga kafaɗu take farawa, shiru, ta gangara ciki, sannan ta fashe har maƙwabta su leƙo su ce a sam musu.

Wata rana da la'asar, Umma tana ninke wanki a tsakar gida, Baba ya shigo da labarin wani babban ma'aikaci mai tumbi da jakar hannu. Mutumin ya zo a gaggauce, wai zai yi jawabi a wani taro. Baba ya kwashe masa gashin ɓangaren dama tas har tsakiyar kai, sai aka ɗauke wuta. Aka ja janareta, ya yi tari ya mutu. Baba ya miƙe yana nuna mana yadda mutumin ya tsaya gaban madubi, ya rufe rabin kansa da hannu ya ga dattijo, ya rufe ɗaya rabin ya ga ɗan jariri.

Umma ta saki zanen da ke hannunta. Kafaɗunta suka fara rawa, dariyar ta fashe, sai tari ya biyo baya. Muna cewa ƙwarewa ta yi, na ruga na kawo ruwa. Kafin in dawo ta dafa bango, ƙirjinta yana wani siririn fito kamar kukan 'yar kyanwa, wuyanta yana lotsawa duk lokacin da ta ja iska. Leɓɓanta suka yi duhu. Baba ne ya ɗauke ta cak ya fita da ita titi, ko takalmi babu a ƙafarsa.

A asibiti aka sa mata iska, aka ce asma ce. Aka ba ta maganin shaƙa shuɗi, wanda ake fesawa a baki in abin ya taso. Da za a sallame mu, likitan da ke bakin aiki ya ce, “Ku lura da abin da ke tayar mata da shi, ku nisanta ta da shi.”

Mu kuwa ba a ba mu umarni mu yi masa riƙon wasa. Muka fitar da turare, muka fitar da maganin sauro mai hayaƙi, muka naɗe kafet, kyanwar gidan ma aka kai ta gidan Gwaggo. Shi kuma Baba ya zauna ya yi nasa lissafin, ya ga ba turare ne ya kayar da matarsa ba, shi ne. Sai ya fitar da kansa.

Ba barin gidan ya yi ba, bakinsa ya kulle. Yana shigowa zai ce, “Sannu da gida, ranki ya daɗe,” ta ce, “Sannu da zuwa, Malam,” shi ke nan an rufe tasha. In ta tambaye shi labarin shago ya ce lafiya lau. In wani cikinmu ya ɗauko abin dariya, harara ɗaya Baba zai aiko masa ya shiga taitayinsa. Baƙi ma tun daga ƙofa ake yi musu gargaɗi, har Gwaggo ta ce zuwa gidanmu da zuwa gaisuwar rasuwa ba su da maraba. Kuma abin haushin, ba a kan ƙarya muke ba. Sau da dama dariya ta suɓuce wa Umma, kuma kusan duk lokacin sai fiton nan ya biyo baya, sai an nemo shuɗin. Kowace suɓucewa kuma ƙara wa Baba kwaɗo take yi a baki.

Haka aka ɗebi shekaru. Na yi aure, ƙannena suka girma. Lokaci lokaci Umma takan ce, “Wai Malam, mutumin nan mai rabin kai, yaya ya ƙare ne?” Shi kuma ya ce, “Na manta.” Baba da bai taɓa manta tarin mutum ba.

Ranar da tura ta kai bango, Umma ta fita sayen zare, hanya ta biyo da ita ta bayan shagon. Ta tagar baya ta ji dariyar maza kamar rufin zai yaye, ta ji muryar mijinta yana kwaikwayon wani mai in'ina yana ciniki. Ta tsaya jikin bango ta saurara. Daga nan gidana ta wuce, ba zare ba labarinsa. Ta zauna bakin gadona, ko mayafi ba ta cire ba.

“Ashe rediyon nan yana aiki,” in ji ta. “Ni kaɗai aka kashe wa.”

“Umma, don lafiyarki ne ai.”

“Wace lafiya? Ke, dube ni da kyau. Ina numfashi, na yarda. To sai me? Mutumin da na aura yana can yana rabar da kansa ga masu ƙeya, ni ana kawo mini ɓawon. Ki nemo mini likitan da ya san ƙirji. Ko ya gyara ni in yi dariya, ko in yi abata a mutu.”

Na ji tsoro, don Umma ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Na kuma ji kunya a madadinmu duka, da ba wanda ya taɓa tambayar ta ko ta yarda da wannan ciniki.

Likitar ƙirjin da aka tura mu wurinta wata 'yar firit ce mai tabarau, fuskarta a ɗaure kamar an ci mata bashi. Na ce a raina, madalla, a nan dai ba mai sa Umma dariya. Ɗakinta babu tarkace: gado, tukunyar iska a kusurwa, hoton huhu a bango, sai kwamfuta da wani bututu mai kauri da aka jona mata. Baba ya rakuɓe a kujerar bakin ƙofa, hularsa a gwiwa.

Ta saurari ƙirjin Umma gaba da baya. Sannan ta matse mata hanci da wani abu kamar fegin shanya, ta miƙa mata bututun.

“Mama, ki cika ƙirjinki da iska, ki hura da dukkan ƙarfinki. Kar ki tsaya sai na ce.”

Umma ta hura. A fuskar kwamfutar wani layi ya yi tsalle sama kamar tsauni, ya gangaro a hankali. Na matso ina kallo baki buɗe. Tun da nake ban taɓa tunanin numfashi yana da siffa ba. Abin da ke shiga yana fita ba mai ganinsa, ga shi an zana na uwata a gabana, da tudunsa da gangarensa.

“Yau kam kusan lafiya lau,” in ji likitar.

“Haka kullum ake cewa,” na ce. “In mun zo asibiti ƙirjin sai ya yi ladab.”

“Haka halinsa yake. Irin wannan ƙirji sai an taɓa shi yake nuna kansa.” Ta tashi ta je jikin hoton. “Kin ga wannan? Bishiya ce a kife. Gangar jikinta a maƙogwaro, rassan suna rabuwa suna ƙara sirancewa, har su kai inda ido ba ya gani. Kowane reshe akwai tsoka da ta naɗe shi kamar zobe. In hayaƙi ya shigo, zoben ya matse don ya kare huhu. Maigadi ne, kowa yana da shi. Na wasu ne yake da saurin firgita, ya rufe ƙofa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba duk mai irin wannan ne yake da asma ba, amma da wuya ki ga mai asma da ba shi da shi. Ina so in ga na Mama yana rufewa da idona, in ga kuma ko magani yana buɗe shi. Yawanci gudu muke sa mutum ya yi.”

“Da waɗannan gwiwoyin?” in ji Umma. “'Yar nan, sai dai ki goya ni.”

“To me ya fi tayar miki da shi?”

Umma ta juya ta dubi bakin ƙofa.

“Ga shi can zaune,” ta ce.

Na yi wa likitar bayani, tun daga la'asar ɗin nan har zuwa tagar bayan shago. Ta cire tabarau ta dubi Baba tsawon lokaci. Sannan ta leƙa ta kira nas, ta sa aka jawo tukunyar iska kusa da gado, ta ajiye maganin shaƙa a kan tebur inda kowa zai gan shi.

“Baba, bismilla. Ka sa ta dariya.”

“A'a.” Ya miƙe tsaye. “Likita, ki gafarce ni. Ni na ɗauke ta a hannuna ran nan. Na ji yadda jikinta ya saki. Ban sake yi.”

“A gida kai kaɗai ne, ba ka da komai a hannu. Nan ga ni, ga nas, ga iska, ga magani. Da ya fara zan tsayar da shi. Ba zan ce a gwada wannan a wani wuri ba, amma a nan ɗakin na ɗauki nauyi.”

Ya girgiza kai. Ya dube ni. “Uwata, gaya musu.”

Umma ce ta yi magana, a hankali, ba faɗa.

“Malam, ban taɓa roƙon ka zane ko sarƙa ba. Mutumin nan mai rabin kai nake so. Ka ba ni abina.”

Baba ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ajiye ta a kujera. Ya fara da murya a shaƙe, kamar mai ba da shaida a kotu: wani mutum ya zo, yana sauri, an ɗauke wuta. Ko ni na ji tausayinsa. Umma ta taɓe baki ta ce, “Wannan ai sanarwa ce, ba labari ba.”

Ina jin maganar ce ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Sai na ga ya ja numfashi, ya turo ciki gaba, ya sa hannu ɗaya kamar yana riƙe da jaka, ya karkace wuya. A gaban idona ubana siriri ya zama ƙaton mutum mai tumbi. Ya taka zuwa gaban hoton huhun nan ya mai da shi madubi. Ya rufe rabin kansa. Ya rufe ɗaya rabin. Ya juyo da wata murya mai kauri, tana rawa: “Maigida, ina sauran kaina?”

Nas ce ta fara tuntsirewa. Likitar nan mai ɗaurarriyar fuska ta juya mana baya, wai tana gyara waya. Kafaɗun Umma suka fara rawa. Wallahi na manta da wannan rawar, sai da na gan ta na san na yi kewarta. Dariyar ta gangara, ta fashe, ta cika ɗakin har wani ya leƙo daga waje.

Sai tari. Baba ya tsaya cak, tumbin ya ɓace, ya koma ɗan tsoho siriri. Ba a jima ba fiton ya fara, siriri, daga can ƙasa.

“Kowa ya tsaya inda yake,” in ji likitar. Ta mayar da fegin, ta miƙa bututun. “Mama, hura.”

Umma ta hura iya ƙarfinta. Layin ya tashi, amma bai kai ko kusa da na farko ba, kuma bayansa ya lotsa kamar tsohuwar katifa. Likitar ta ɗora shi a kan na ɗazu, muka ga ratar da ke tsakaninsu. Abin da ya mulki gidanmu shekara da shekaru ke nan, wanda muke tsoro ba mu san kamanninsa ba. Ga shi a zane, ɗan fili tsakanin layi biyu da zan iya rufewa da yatsuna.

Ta ba Umma maganin ta wani ɗan gwangwani, ta ce ta shaƙa a hankali. Muka zauna jira. Ina jin fiton yana sirancewa, yana yankewa, har na nema na rasa. Wuyan Umma ya daina lotsawa. Da aka sake hurawa, layin ya yi tsalle ya koma inda yake, har ya ɗan ɗara.

Rassa ne da ba su ƙirguwa, a cikin duhun ƙirji inda hannu ba ya kaiwa, duk sun matse tare saboda wani mai tumbi da ba ya ma ɗakin, kuma duk sun saki tare saboda ɗan feshin da bai cika cokali ba. Kuma irin wannan bishiyar tana cikina ni ma, tana aikinta tun ranar da aka haife ni, ban taɓa ce mata sannu ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Ikon Allah.”

“Kin gani ko?” in ji Baba. “Ni ne.”

“Ba kai ba ne, Baba,” in ji likitar. “In mutum yana dariya, iska tana shiga tana fita da gudu, ta sanyaya hanyoyin ta busar da su. Ƙirjin da yake lafiya ko a jikinsa. Na Mama cikinsa a kumbure yake kullum, ko ranar da ba ta jin komai, shi ya sa abu kaɗan yake firgita shi. Shuɗin nan buɗe ƙofa kawai yake yi in ta rufe, ba ya taɓa kumburin. Akwai wani da za ta riƙa shaƙa safe da yamma, ko tana lafiya, shi ne yake kwantar da shi. In dariya tana tayar wa mutum da asma, alama ce maganinsa bai isa ba. Ba a hana shi dariya, magani ake gyarawa.”

Baba ya zauna a hankali, a kan hularsa. “Wato duk shekarun nan...”

Likitar ta ce a ba maganin makonni kafin a ga aikinsa, a kuma dawo ta sake dubawa. Umma ta karɓi sabon abin shaƙar, mai ruwan ƙasa, ta ƙulle shi a bakin mayafi kamar zinariya.

Ban taɓa ganin mai shan magani da naci irin na Umma a makonnin nan ba. Ta shaƙa, ta kurkure baki kamar yadda aka ce, ta dubi Baba ta ce, “Ka dai shirya.” Da muka koma, likitar ta duba ta ce ƙirjin ya kwanta sosai, amma kar a bar maganin, shuɗin ma ya riƙa zama kusa.

Ranar da yamma na bi su gida. Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai inda ta taɓa dafa bango. Ta ajiye shuɗin a gefenta, ta harɗe ƙafa.

“To Malam, kunna rediyon. Daga inda aka ɗauke wuta.”

Ya dube ni, ya dubi shuɗin, ya yi bismilla. Ya turo ciki. Wai shi Baba ya kawo almakashi zai daidaita, mutumin ya duba agogo ya ce ba lokaci. Aka ara masa hula, ta ƙi shiga. Haka ya fita yana tafiya a karkace jikin bango, yana gaisa da mutane da gefe ɗaya na fuskarsa, a wurin taron ma wai a gicciye ya tsaya ya yi jawabinsa. Umma ta riga ta kwanta a tabarma tana dukan ƙasa.

“Saura ƙarshen, ranki ya daɗe. Washegari ina buɗe shago sai ga samari sun yi layi. Wai sun ga sabon askin da na yi wa Oga, irinsa suke so.”

“Ka ce musu me?” in ji Umma da ƙyar, hawaye yana bin kumatunta.

“Na ce su zauna su jira a ɗauke wuta.”

Dariyar da ta yi, maƙwabciyarmu sai da ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Umma ta yi ta har ta gaji don kanta, ta ƙare da dogon numfashi, irin na wanda ya sauke kaya. Ni da Baba ba mu yi dariya ba. Mun kasa kunne muna jiran tarin.

Baba ya durƙusa a bayanta, a gabana, ba kunya, ya manna kunnensa a gadon bayanta. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe.

“Me ka ji?” in ji Umma.

“Iska,” ya ce. “Tana shiga, tana fita.”

Bai ɗago ba. Na ga bayan rigarta yana jiƙewa daidai inda fuskarsa take. Umma ta miƙa hannu ta baya ta dafa masa kai.

“To share fuskarka. Wanne ne na gaba?”

“Suna da yawa,” in ji Baba. “Duk wanda na bayar a shago, sai na ajiye mafi daɗin ban faɗa ba. Naki ne.”

Umma ta gyara zama, ta ture shuɗin gefe kaɗan, ta ce ya fara daga na farko.